Wainar Iska

Wata bakwai ke nan Zulai'atu ba ta gane mijinta ba. Tana gane akuyarta, tana gane kiran sallah, wani lokaci har 'yarsu Asma'u takan gane, amma Sahabi, wanda suka yi shekara hamsin da biyar tare, ya zama baƙo. In ya leƙa ɗakin sai ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi daga ina. Likita a Yelwa ya ce ciwon tsufa ne, ba ya da magani. Faɗa ba ta yi wa likita wuya, ai ba matarsa ba ce.

Sahabi tsohon kuku ne. Yana saurayi ya yi wa wani Bature injiniya girki lokacin da ake gina madatsar Kainji, kafin ruwa ya taso ya shafe garinsu a kwaso su zuwa Wara. A gidan Baturen ya koyi wani abu da ake ci da gasasshen naman sa ranar Lahadi. Sunan abin ya gagari harshensa. Zulai'atu ce, tana amarya, ta raɗa masa suna wainar iska, don in an ɓare ta ba komai a ciki sai rami. Ta yi masa dariya ranar, ta kuma cinye uku a bayan idonsa.

Da tsohuwar zuma ake magani. Ranar wata Laraba ya sa aka sayo masa tsokar cinya mai kitse, da fulawa, da ƙwai huɗu, ya tare Bafillatana ya sayi madara. Abu ɗaya yake nema: ta ɗanɗana, ta ɗago kai, ta san shi ko sau ɗaya ne kafin ɗayansu ya riga ɗaya.

Ya kaɗa ƙullun, ya sa gishiri, ya rufe ya ajiye a inuwa. Asma'u, da yake sana'arta suyar waina ce, tuni ta ɗauko yis.

"Aje shi," in ji shi.

"To Baba, mi za ya tashe ta?"

"Wuta. Ki bar min abina."

Tanderun gashi na zamani ba ya da shi. Babbar tukunyar ƙarfe ya zuba wa yashin bakin tafki, ya ɗora a murhu, ya tara garwashi a kan murfi. A ciki ya gasa naman, ya tsiyaye kitsen a gwangwanayen madara guda shida, ya mayar da su har kitsen ya fara hayaƙi. Sannan ya zuba ƙullu, ya ji ya ce cau, ya rufe da sauri.

"Ba a juya ta?" Asma'u ta miƙa hannu.

Ya buge hannun, duk da tana mace mai jikoki. "Wanda dut ya buɗe tukunyar ga, ni da shi ne. In iska ta shiga sai ta kwanta, ba ta ƙara tashi."

Ya zauna a kan turmi yana gadi, hayaƙi na shiga masa ido. Tsoro yake ji, tsoron da bai ji ba ko ranar da ya ga ruwa a ƙofar gidan ubansa.

Da ya ɗaga murfin, sun tashi. Sun kumbura sun fi bakin gwangwani, ja a gefe, rami a tsakiya. Ya yanka naman siriri-siriri saboda haƙoranta, ya zuba romo a ramin, ya kai mata da kansa.

Tana zaune a tabarma tana tsifar bakin zane. Ta shinshina, ta gutsura, ta tauna a hankali. Sai fuskarta ta washe. Ta ci ɗaya, ta ɗauki ta biyu, romo na bin gwiwar hannunta, ta dube shi ido cikin ido.

"Wainar iska! Wagga irin ta Sahabi ta. Ba mai iya ta sai Sahabi."

Asma'u ta rangaɗa guɗa, hawaye na zuba. "Baba, ka ji? Inna ta gane ka! Har sunanka ta kira!"

Asma'u murna ta rufe mata ido, ta manta irin uwar da ta haife ta. Shekara hamsin da biyar Zulai'atu ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, ko a bayan idonsa. Malam take cewa. Ba ta taɓa sa loma a baki yana kallo ba. In ya shigo tana ci, sai ta kife kwano ta juya baya. Da ta san shi ne a gabanta, da kunya ta hana ta duka biyun.

Ta ture masa kwanon kaɗan. "Bismillah, bawan Allah. Ci mana, kai baƙo ne."

Ya durƙusa a bakin tabarmar, ya wanke hannu. Karo na farko ke nan da suka ci abinci kwano ɗaya.