Jan Zare

Na tarar da Auta durƙushe tsakanin kunyoyi da hantsaki a hannu, yana yi wa furen kuɓewa tiyata kamar wani likita. Wannan mutumin da ni na koya masa riƙon fartanya, wai yau shi ne kamfanin iri ya zaɓa.

"Yaya, matso ka gani," ya ce. "Da yamma nake cire wa furen mazantakarsa kafin ya buɗe, in rufe shi da takarda. Da safe in shafa masa garin furen wancan layin, in ɗaura jan zare. Duk kuɓewar da ke da zare, ita ce mai irin haɗi. Marar zare kuwa ta miya ce."

"To, an gaishe da likita," na ce ina dariyar yaƙe.

Shekara talatin ina noman kuɓewa, amma da malamin gona ya zo, ta gefen gonata ya ratsa, ko sannu bai ce mini ba. Abin da ya fi ci mini rai, har matata ta koma cewa, "Ka ga dai ƙaninka." Hassada ce, na sani, ba sai an gaya mini ba.

* * *

Ran nan da rana tsaka Auta ya tafi cin abinci. Na tsallaka iyaka na shiga kunyoyinsa uku da ke jikin gonata. Na riƙa kwance zaren daga 'ya'yan da ya wahala a kansu ina ɗaura wa na banza. Iri ai duk kamarsa ɗaya a tafin hannu, sai an shuka yake tona asiri. In kamfani suka gwada suka ga gauraye, sun sallame shi ke nan. Har ɗaurin nasa na kwaikwaya, domin ni na koya masa.

* * *

Kamfani suka gwada, suka yaba, suka ce baɗi ma da shi za su yi. Na kasa gane inda aka haihu a ragaya.

Da damina ta kawo kai, sai ga Auta a ƙofar gidana da ƙullin tsumma, matata na biye da shi baki har kunne.

"Yaya, kunyoyi ukun nan na jikin gonarka ban haɗa da na kamfani ba. Tun farko da sunanka na yi su. Bana ka bar tsohon irinka, wannan zai ninka maka."

"Da ka bar abinka, Auta."

"Haba Yaya, wa nake da shi in ba kai ba?"

"Ai na riga na kyautar da tsohon," in ji matata. "Me za mu yi da shi kuma?"

Na miƙa hannu na karɓi ƙullin.

Washegari ya zo da kansa ya taya ni shuka. Yana gaba yana sara, ina baya ina jefa ƙwaya bibbiyu ina rufewa da ƙafa, har muka gama gonar kaf. Ya karkaɗe tsumman, ya miƙo mini jan zaren da ya ɗaure bakinsa.

"Ajiye, Yaya. Baɗi zan koya maka."