Famfon Gidan Gangare

"Ku kwashe su, na ce! Gida ne nan ko tashar mota?"

Auta ce ke faɗa, ƙafarta a kan bokitina. Ita ce 'yar maƙwabciyarmu Gwaggo ta ƙarshe. Ta zo jinyar uwarta, ta tarar da tsakar gida cike da bokitai da jarkoki, an jera su tun daga famfo har bakin ƙofa.

Ba son ranmu ba ne. Tun da kogi ya ja baya, ruwan da ake turo wa unguwarmu ba shi da ƙarfin hawa tudu. Sai ya gangara ya tsaya a gidan Gwaggo, na ƙarshe a layinmu, shi ma da rana tsaka, lokacin da kowa ya fita nema. Da safe mukan ajiye abin ɗibanmu mu wuce, ita kuma ta zauna da tiyo a hannu tana cika mana. Ni da nake koyarwa a makaranta, ga 'yan biyu masu ɓata kaya kamar an aiko su, in ba don ita ba da na shiga uku.

Daga ɗaki muka ji muryar Gwaggo, a shaƙe. "Auta, sauke ƙafarki. Na Malama ne."

"Inna, likita ya ce ki huta."

"Likita ai da ruwa a gidansa."

Haka take. Ba ta bin layi, nata tsarin take bi. Mai jego ce farko, sai mai majinyaci, sai masu yara. Jarkar tela kuwa kullum tana can baya. In ya yi ƙorafi ta ce, "Kai gwauro, me za ka wanke? Riga ɗaya da kofi ɗaya?" Ya tafi yana dariya, ya dawo ya tarar da ita cike har wuya.

A ranar dai Auta ta yi nasara. Muka kwashe kayanmu, ta rufe ƙofa da sakata. Na ji haushi, amma ban ga laifinta ba. Ƙafafun Gwaggo sun kumbura, numfashi ma da ƙyar take ja. Muka koma gangarawa kogi da yamma, muna ɗebo ruwa ja kamar shayi. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna ya fara gudawa, hankalina ya tashi ƙwarai.

Auta ce ta ba ni labarin abin da ya faru daga baya. Ta fita sayo magani, ta dawo ta ga gado ba kowa. Ashe famfo ne ya yi tarin nan da yake yi kafin ruwa ya iso, Gwaggo ta ji, ta fito tana dafa bango. Auta ta same ta zaune a ƙasa, tiyo a hannu, tsakar gida wayam.

"Kin bar ruwa ya zo bai tarar da kowa ba," ta ce.

Ba ta ƙara fitowa da ƙafarta ba. Da ta rasu na yi kuka kamar uwata ce, kuma ban ɓoye ba.

Washegari muna zaune a tsakar gidan ana gaisuwa, sai famfo ya yi tari. Kowa ya ji, kowa ya sunkuyar da kai. Babu wadda ke da ruwan kirki a ɗaki, amma wa zai buɗe baki a gidan rasuwa?

Auta ta miƙe, idanunta sun kumbura. "Malama, kina zaune? Ku je ku ɗauko bokitanku."

Muka kawo, muka jera shiru. Ta tsaya tana kallon bokitan, ba ta san na kowa ba.

"Da wa Inna take farawa?"

"Mai jego," na ce, na nuna mata wani baho shuɗi.

Ta naɗe hannun riga, ta durƙusa. Ba ta iya riƙe tiyo ba, ruwa ya fallatsa ya jiƙa mata zani har gwiwa. Ba ta matsa ba, sai da bahon ya cika.