Amawalin Ghissa a Ƙofar Kamfani

A shekarar da 'yan tawaye suka sake hawa duwatsu, hanyar Agadas kuma ta koma sai da rakiyar soji, wani kamfanin haƙar yuraniyom da ke bayan Arlit ya sayo na'ura wai mai gane fuska. Kasuwar yuraniyom ta yi kyau a lokacin, sababbin ma'aikata na ta kwararowa daga Maraɗi da Damagaram, har masu gadi suka daina sanin wane ne wane. Aka kafa kamara ɗaya a ƙofar shiga, aka ɗora wata a kan dogon ƙarfe tana kallon filin da motoci ke sauke ma'aikata. Ta saman aikinta lura da taro, da mutane sun cunkushe wuri guda sai ta yi ta kuka a ofis. Ta ƙasan kuwa gabanta za ka tsaya ka buɗe fuska, ta gwada ka da hoton da aka ɗauke ka. Mai gadi ya dubi fuskarka, ya dubi allo, sannan ya danna maɓalli sandar ƙofa ta ɗaga.

Wanda aka ɗora kan wannan aiki da safe shi ne Malam Zayyadu, mutumin Tawa, tsohon mai gadi da ya tsufa a rana yana ɗaga sanda da hannu. Yanzu ga shi a ɗan ɗaki mai taga, da kujera, da fanka tana kaɗa masa gemu. Daɗi ya kama shi ƙwarai, kuma bai ɓoye ba. Duk wanda ya gaishe shi a kasuwa sai ya ji labarin maɓallin nan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Abu ɗaya ne bai yi tunaninsa ba, wato surukinsa.

Ghissa Ba'abzine ne, direban ɗaya daga cikin manyan motocin da ke kwaso dutse daga rami, kuma shi ke auren Larai, autar Malam Zayyadu. Mutum ne dogo, marar yawan magana, kullum rawaninsa a naɗe, amawali ya rufe baki da rabin hanci. Sauran Abzinawan kamfanin sun yi gunaguni da zuwan na'urar, amma dai sukan ja amawalin ƙasa na ɗan lokaci su mayar da sauri, tun da mai gadi ba kowan kowa ba ne a wurinsu. Ghissa ma ya buɗe fuska ranar ɗaukar hoto, gaban wani Bature da bai sani ba. Buɗe baki gaban uban matarka kuwa wani abu ne daban. A wurin mutanensu wannan daidai yake da mutum ya tuɓe wando a tsakiyar kasuwa. Tun da aka ɗaura auren, Malam Zayyadu bai taɓa ganin bakin surukinsa ba, ko shayi ba su taɓa sha a tabarma ɗaya ba.

Ranar da na'urar ta fara aiki, layi ya kawo kan Ghissa. Ya tsaya gaban taga, idonsa a ƙasa.

“Baba, kun kwana lafiya?”

“Lahiya lau,” in ji Malam Zayyadu. Ya yi gyaran murya, ya kalli bango, ya faɗi abin da yake faɗa wa kowa. “A sauke amawali.”

Ghissa bai taɓa amawalinsa ba. Ya matsa gefe ya ba na bayansa wuri, ya juya ya kama hanyar gari a ƙafa. Washegari ma haka aka yi.

Shugaban masu gadi wani saurayi ne mai suna Fatahu, wanda suke kira Shef, ɗan Damagaram, mutumin kirki amma a tsorace yake kamar kowa a shekarar nan. Ya kira Malam Zayyadu ofis ya rufe ƙofa.

“Baba, umarni ya zo daga sama. Duk wanda ya ƙi nuna fuskarsa, a miƙa sunansa ga jandarma. Gobe idan ya sake komawa, ba ni da yadda zan yi.”

Tsohon ya san abin da hakan ke nufi. Kora daga aiki abu ne da ake jurewa. Amma a ce Ba'abzine, direban babbar mota, ya ɓoye fuska lokacin tawaye, sunansa kuma ya je wurin jandarma, wato 'yan sandan soji, wannan ba wanda ya san ranar dawowarsa.

“Shef, surukina na. Kunyata yaka ji, ba wani abu ba. Canza ni da wani, ko na sahiya guda.”

“Da wa? Ku biyu aka koya wa aiki da na'urar. Ɗayan yana Agadas yana jiran rakiyar soji, Allah kaɗai ya san yaushe za su taso. Ni kuma an hana ni barin allunan ofis da safe.” Fatahu ya nuna wani allo da ke nuna tagar gadin daga sama. “Kuma kada ka ce za ka ɗaga masa sanda haka kawai. Kai ma ana kallonka, kuma ba ni kaɗai ke duba hotunan ba.”

Da la'asar Malam Zayyadu ya nufi gidan 'yarsa. Da ma ya san surukin zai sulale ta baya da ya ji sallamarsa, kuma haka aka yi. Larai ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna nesa kaɗan da goyonta. Idonta ya nuna ta yi kuka.

“Ke, hwaɗa wa mijinki ni na yahe mishi,” in ji shi, ransa a ɓace. “Mi a ciki? Baki na, kowa na da shi. Ya buɗe in gani, ya wuce aikinshi.”

“Na faɗa masa, Baba. Ya ce kunyar ba taku ba ce balle ku yafe. Tasa ce. Ya ce gara jandarma su zo.”

“Taurin kai ke nan.”

“Ku ne kuka ce ba ku taɓa ganin mai ladabi irinsa ba.”

Tabbas tsohon ya faɗi haka, kuma a gaban mutane ya faɗa. Ya dawo gida yana ta mita a hanya, yana zagin na'urar, da Baturen da ya kawo ta, da duk wanda ya fara naɗa rawani a duniya. A ƙasan mitar kuwa tsoro ne fal, da tausayin 'yarsa.

Gari ya waye, motoci suka sauke mutane, layi ya miƙe. Malam Zayyadu yana ta aikinsa, a duba fuska, a duba allo, a danna. Tun daga nesa ya hango baƙin rawanin nan ya ɗara sauran kawuna tsawo. Ya so ƙwarai a ce yaron bai zo ba, ya kuma san rashin zuwan ma laifi ne.

“Baba, kun kwana lafiya?”

Malam Zayyadu ya miƙe, ya ɗora yatsa kan maɓalli don kada ya ɓace masa, ya juya gaba ɗaya ya ba taga baya, allon ma ya koma bayansa. Fuskarsa na kallon bangon da ba komai a jikinsa sai ƙusa.

“Ni dai ban ganin kowa,” ya ce wa bangon. “Mai abin yi ya yi.”

Can ya ji motsin yadi, na'urar ta yi 'yar ƙararta, shi kuwa bai san ko amincewa ta yi ko ƙi ba, domin a allo take nunawa. Ya danna, ya ji sandar ta ɗaga.

Mutanen baya da suka ga mai gadi ya juya ƙeya, sai suka baro layi suka taru gaban taga don su ga abin da ke faruwa. Nan take kamarar sama ta hau kuka. Fatahu ya fito da gudu, ya kutsa cikin ɗakin, ya tarar da tsohon har yanzu yana kallon bango. Ya dubi allo, ga hoton Ghissa, na'ura ta shaida shi sarai. Ghissa kuwa yana tsaye cikin kamfani, ya riga ya mayar da amawalinsa.

“Baba, ka duba fuskarsa?”

“Ban duba ba.”

“Ka ce ka duba mana.”

“Kai ka ce min ana kallona, Shef. Mi zan ɓoye?”

Fatahu ya shafa kai, ya yi wa Ghissa hannu ya wuce. Sunansa bai je wurin jandarma ba, tun da ya nuna fuska kuma na'ura ta gane shi. Amma hoton mai gadi ya ba ƙofa baya, lokacin dokar ta-ɓaci, ya hau sama kamar yadda aka ce zai hau. Fatahu ya yi iya ƙoƙarinsa har aka fasa korar tsohon. Aka raba shi da ɗaki da fanka, aka tura shi gadin tsofaffin ƙarafa a bakin hanyar rami, inda inuwar da ke akwai ita ce ta wata matacciyar mota. Shi Fatahu aka tilasta wa zaman taga har abokin aikin ya dawo.

Abin ya yi wa Malam Zayyadu ciwo, kuma bai yi kamar bai yi ba. Ya daina zuwa kasuwa na ɗan lokaci saboda masu tambayarsa lafiyar maɓalli. Ghissa bai zo ya yi godiya ba, don suruki ba ya zama ya buɗe irin wannan zance da uban matarsa.

Sai dai hanyar motocin dutse ta gaban ƙarafan nan ta bi. Ranar farko da tsohon ya fara gadi a can, wata babbar mota ta taho da lodi, ta rage gudu tun daga nesa don kada ta bule shi da ƙura. Da ta zo daidai shi, direban ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya kama amawalinsa ya ja shi sama, ya wuce hanci, har sai da ya rage 'yar tsaga ta idanu. Haka Abzinawa ke yi wa wanda suka fi girmamawa a cikin mutane.

Malam Zayyadu ya bi motar da kallo har ta sha kwana.

“Ka ji min yaro,” ya ce. “Yanzu ko hancin ma an hana ni gani.”