Rabin Maganar Likita

...kuma ba wai ba ta ji ba ne. Ta ji. Kunnen da ke tsinto raɗar masu ciniki daga rumfa ta uku, shi ne zai kasa jin likita? Yana tsaye a ƙofar ɗakin da aka kwantar da ɗanta, hannu cikin aljihun farar riga. Mama, mun cire ciwon dajin da muka gani. Amma sauran hantar ta yi tabo, ƙwayar cutar kuma tana nan. Yana iya dawowa, musamman shekara biyun farko. Magani kullum, hoto duk wata uku.

Yana iya dawowa. Wace irin magana ce wannan? A tsaga mutum daga nan har nan, kwana huɗu yana kwance da robobi a jiki, sannan a ce wai yana iya?

Sai ta gyara mayafi, ta yi masa kallon da take yi wa dillalan tukwane. Likita, bar ta farko, ba ni ta ƙarshe. Shi kuwa ko gezau. Mama, ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. Ta juya kamar mai tafiya. Shekara talatin tana yin wannan juyin ana kiranta, dawo mana, haba, dawo mu daidaita. Taku ɗaya, biyu, uku... babu wanda ya kira. Ƙarar takalminsa kawai, ya shige wani ɗakin.

Ga ta yanzu kan bencin ƙarfe, sanyinsa yana ratsa zani. An ce duk dangin jini su sauka ɗakin gwaji kafin a tashi aiki. Uwa, ƙanne, kowa. Ana jiran auta, tana hawo matakala da cikinta wata takwas, tana hutawa a kowane hawa.

Gwaji. Hm.

Kai dai ka huta, maigida. Ka kwanta abinka ka bar ta da kaya... Shekara tara ke nan da rasuwarka. Cikinka ya kumbura kamar randa, idonka ya yi ɗorawa, kana neman ruwa kana kasa sha. A wancan asibitin ne, mai bishiya a tsakar fili, aka ɗebi jininta ita ma. Wata nas mai wushirya ta ja ta gefe. Baiwar Allah, ke ma kina ɗauke da ita. Ki kawo 'ya'yanki duka a gwada su, sau da yawa wurin haihuwa ake ɗauka daga uwa. Duka, kin ji? Kar ki bar ko ɗaya.

Ta ji. Wannan ma ta ji.

To amma wa ya taɓa karɓar magana yadda aka yanka ta? Wanda ya ce maka goma, biyar yake nufi, yaro ma ya sani. Idan mai kaya ya ce wannan tukunyar ba ta fashewa har abada, ka ba ta shekara biyu. Idan nas ta ce duka, ai tana nufin wanda ya yi rama, wanda ba ya cin abinci. Ta dawo gida ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Tela, babbansu, yana kan keken ɗinki, yana ci kamar mutum uku, wuya kamar turmi. Wannan ne mara lafiya? Auta kuma ga masu zuwa zance, layi guda. A ji a kasuwa cewa gidanta, ita da ake wa laƙabi da Ba Ragi, akwai ciwo a jini? Ita da ko a makokin mijinta ba a ga hawayenta ba? Sai ta rage maganar. Ta rage, ta sake ragewa, har ta zama ba komai. Takardar kuwa, da yake ba karatu take yi ba sai dai ta san jan layin da aka ja, ta naɗe ta ta cusa cikin wata butar shayi mai lanƙwasasshen baki da ba mai saye, can ƙasan rumfa.

Da an gano da wuri... Likitan bai ƙarasa ba. Da matar Tela yake maganar, shekaranjiya, ita tana bayansu tana yi kamar tana neman abu a jaka. Da wuri. Shekara tara da wuri ne ko ba da wuri ba?

Wani keken marasa lafiya ya wuce, taya ɗaya tana kuka. Warin maganin goge ƙasa. Ƙofar ɗakin a buɗe kaɗan, tana hango ƙafarsa ta leƙo daga bargo — ƙafar ubansa sak, babban yatsa a karkace. Jiya da ya farka sosai ya ɗaga riga ya leƙa cikinsa. Inna, wa ya yi ɗinkin nan? Wallahi da yarona ne na kore shi, dubi yadda layin ya karkace. Aka yi dariya, har nas. Shi ma ya so ya yi, ciwo ya hana shi, ya damƙe hannunta. Hannunta! Ya rasa hannun da zai riƙe sai wannan...

Ga matar tasa can, durƙushe, tana zubar da abin da ya taru a roba, ko yatsine fuska ba ta yi. Kwana huɗu a kan tabarma a ƙasa. Yarinyar da... a'a. Bari. A'a, ba za ta bari ba, ai ita ta faɗa, da bakin nan. Bara, ranar da aka ce ciwon hanta ne, a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta katanga. Kafin ki shigo gidan nan ɗana ko ciwon kai ba ya yi. Ki je ki tambayi danginki abin da suka ba ki kika kawo mana. Ta ware mata kofi. Ta ware mata cokali, ta ɗaura masa jan zare. Tana ɗaurawa tana sane. Wannan ne abin, maigida, tana sane! Hannu yana ƙulla zare, zuciya tana can ƙasan rumfa cikin buta. Yarinyar ta sunkuyar da kai. To, Inna. Shi ke nan abin da ta ce. To, Inna.

Da ta yi rashin kunya ma da ya fi sauƙi. Da ta zage ta...

Auta ta iso tana haki, hannu a ƙugu. Inna, wannan benen sai ya sa na haihu a hanya. Likita ya ce in auta ma tana da shi, akwai allurar da za a yi wa jariri ranar da ya faɗo, a tare abin. Ranar da ya faɗo. Ashe ana tarewa. Ashe abin yana da ƙofa, ita ce ta zauna a bakin ƙofar shekara tara ta baje tukwane.

Suna sauka. Matar Tela ta riƙe mata gwiwar hannu, a hankali Inna, akwai santsi. Hannun yarinyar da ɗumi. Kar ki taɓa ni, 'yar nan, ba don abin da na ce ba, don... Bakin ya ƙi buɗewa.

Ɗakin gwaji ƙarami ne, kujera ɗaya, kwalabe a jere. Ita za ta fara, ai ita ce babba. Tana naɗe hannun riga. To ai shi ke nan ma, allura za ta yi magana a madadinta. Jibi takarda ta fito, a ce Inna ma tana da shi, ta dafe ƙirji, ta yi salati, ta ce ikon Allah. A tausaya mata. Har ta ce wa suruka yi haƙuri, ban sani ba — kalma uku, kowa ya yafe. Jini zai ce tana da shi. Jini ba zai ce ta sani ba. Wa ya sani? Mai wushirya, ko tana raye ma? Kai kuwa, maigida, ba ka magana.

Mai ɗibar jini ta ɗaure mata dantse da roba, ta jawo wata takarda, ta cire murfin biro da haƙori. Ko kallonta ba ta yi, tambayar da take yi wa kowa ce.

"Mama, an taɓa yi miki wannan gwajin?"

Auta tana jingine da bango tana fifita da mayafi. Matar Tela tana tsaye a kanta, riƙe da jakarta da takalminta ɗaya da ya zame. Jijiyar ta taso, tana bugawa, tana bugawa. A'a ɗin yana nan kan harshe, a shirye, mara nauyi. Ɗayar amsar kuma tana can ƙasa, ƙasa sosai, sai an durƙusa...

"Mama?"

Biron yana tsaye a kan takarda. Ita kuwa ta gaji. Wayyo, ta gaji.