Ƙaryar da Na Yi wa Baba Wiebe

"Yana waƙa?" in ji Baba Wiebe, tun ban cire takalmi ba.

"Yana yi," na ɗaga murya. "Har ya ishe ni."

Ƙarya nake. Kwana huɗu ɗan tsuntsun nan bai ce uffan ba. Baba Wiebe maƙwabcina ne, shekara arba'in yana bin ƙananan tsuntsayen da ke sheƙa a ciyawar bakin magudanar ruwa, bayan gidajenmu. Bana kunne ya tafi, ƙafa ta tafi, likita ya ce huhu ma yana hanya. 'Yarsa Aukje ta sauko da gadonsa jikin tagar falo. Ni da aikina yanke ciyawar nan da tarakta, ni na zama kunnensa.

Na ɗauka zai ji daɗi. Sai ya juya fuska bango.

"To bana babu komai," ya ce. "Wanda ya kai watan Yuni yana ta waƙa, gwauro ne. Babu mata, babu sheƙa. Je ka yanke ciyawarka, Sjoerd."

Aukje ta dire mini kofi, ta harare ni. Na jujjuya hulata.

"Baba, ƙarya na yi maka. Tun Alhamis ya yi shiru. Na ɗauka kyanwa ta cinye shi. Jibi ma zan sa tarakta a wurin."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai, jaki! Mai iyali ina ya ga lokacin waƙa? Kai da ka yi aure ka ƙara yi?"

"Ni ban taɓa yi ba."

"Matarka ta huta. Je ka zauna kusa da ƙaramar gada, ka rufe bakinka, ka duba nasa."

Tunda nake ban taɓa zama awa guda hannuna babu aiki ba. Sauro ya ci ni. Har na miƙe zan tafi, sai ga tsuntsun a kan kara, ɗan mitsitsi, da farin layi saman ido, koriyar tsutsa a baki. Ya dube ni, ya nutse cikin ciyawa. Ya fito baki wayam.

Na dawo da gudu, da taɓo har kan dardumar Aukje. Na nuna wa Baba tsawon tsutsar da yatsa.

"Sun ƙyanƙyashe," ya ce. Ya kama hannuna. "Na gode, ɗan nan."

Ni ya kamata in faɗi haka. Da ban da shi, da na markaɗe 'ya'yan ban sani ba.

Washegari da hantsi Baba ya cika, Aukje na gyara masa matashi.

Ranar yanka na aske gaɓar tas, na bar taku talatin a gefen gada. Na kashe inji, na ɗauko burodi da cukuna. Tsuntsayen su biyu ne yanzu, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, karan yana ɗan rawa a bayansu.