Inda Titi Ya Lotsa

Tsohuwar ta tuɓe silifas ɗinta, ta tsaya a tsakiyar titi, daidai inda kwalta ta lotsa kamar cikin faranti. Motar feshin kwalta na huci a bakin layin, leburori sun dogare da shebur suna kallonta.

Yahuza ne shugabansu. Ya tsufa a aikin titi, kuma duk unguwar Garki ta babban birnin tarayya ba wanda ya kai shi cika baki a kan aikin hannunsa. Kirarinsa kullum ɗaya ne: inda ya daɓe ba ya sake lotsawa. Wannan karon aikin mai sauƙi ne, a toshe tsagogi, a fesa sabuwar kwalta, a watsa tsakuwa. Ramin nan kaɗai ya tsone masa ido, don masu gidajen layin sun ce an sha cike shi yana dawowa. Ya riga ya yanke shawarar a haƙe shi har ƙasa.

"Mama, ki matsa gefe, kwalta da zafi," in ji shi.

"Oga, kar ka haƙa wurin nan," ta ce. "Yarona yana ciki."

Sunanta Magdalena, Bagwariya ce, idanunta sun yi fari da yana. Ya zaunar da ita a bakin lambatu, ta ba shi labari da Hausarta ta kasuwa. Kafin a san za a yi birni a nan, layin nan bayan ɗakinta ne. Nan aka binne ɗanta na fari, Silas, bai ko fara tafiya ba. Da aka tashe su aka kai su wajen Gwagwalada, sun ɗauki tukwane da irin doya, amma ba wanda ya ce su ɗauki kabari. Shekaru suka shuɗe kafin ta dawo ta tarar da titi. Ta gane wurin da wata tsamiya, daga baya aka sare tsamiyar. Sai ƙasar da kanta ta lotsa a kan yaron.

"Ido ya tafi," ta ce. "Gidajen nan duka iri ɗaya ne. Da ƙafa nake samunsa. Duk bayan girbi ina zuwa, in gaya masa wa ya mutu, wa ya haihu. Babansa ma ya tafi. Ni kaɗai na san shi yanzu."

Yahuza ya tuna da nasa ɗan. Shi ma yana da ƙaramin kabari a garinsu, can wajen Gumel, wanda rabonsa da shi tun yana da baƙin gemu.

"Ba za a haƙa ba, Mama. Na yi miki alkawari."

Ta sa masa albarka, ta saɓa ƙunshinta a kafaɗa yadda matan garinsu ke yi, ta nufi tasha.

Ya cika alkawari, ko tsinin diga bai taɓa wurin ba. Amma da ya tsaya yana kallon yadda kowace mota ke faɗawa ramin da ƙarfi, sai abin ya sosa masa rai. A ce yaro na kwance, ana ta dukansa da taya dare da rana? Ya kori leburorin gefe, ya karɓi shebur da kansa. Ya share ramin, ya jera duwatsu a hankali kamar mai rufa wa jariri zane, ya zuba kwalta, ya sa aka bi da motar daɓe har ta gaji. Sannan aka lulluɓe layin gaba ɗaya da sabuwar kwalta da tsakuwa. Bai taɓa yin aikin da ya faranta masa rai kamar wannan ba. A ganinsa ya yi wa marayan Allah gata.

Da shekara ta zagayo, bayan girbi, suna aiki a layin baya, sai ya hango ta. Titin ya kwanta baƙi wuluk, sumul daga wannan baki zuwa wancan. Tana tafe ba takalmi, tana jan ƙafa a hankali, ta kai ƙarshe ta juyo. Wani direba ya danna mata oda, ko gezau ba ta yi ba. Sai a lokacin Yahuza ya fahimci abin da ya aikata.

Ya je ya gaishe ta. Ta gane muryarsa.

"Oga, ka haƙa?"

"Wallahi ban haƙa ba, Mama. Gyarawa na yi, don motoci su daina dukansa."

"To yana ina?"

Ya duba dama, ya duba hagu. Ƙofofin ƙarfen duk launi ɗaya aka shafa musu, shi kuwa layuka nawa ya yi tun daga ranar. Ya kama hannunta ya kai ta gaban wani gida.

"Kusan nan ne."

Ta shafa wurin da tafin ƙafa, ta daɗe tana shafawa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Kusan," ta ce. Can ta ɗago kai. "Ba komai. Ƙasan zai sake sauka, ko? Kullum yana sauka. Yaushe zan dawo?"

Yahuza ya dubi titin. Ya san duwatsun da ya jera, ya san yadda aka daɓe su, ya kuma ga yadda tsohuwar ta ƙagu ta ji amsarsa.

"Bayan damina, Mama," ya ce, "in Allah Ya yarda."

Ya sunkuya ya ɗauko silifas ɗinta, ya ajiye mata a gaban ƙafa.