Takalman da Suka Kalli Ciki

Abu na farko da Malama ta lura da shi a gidan benen da makaranta ta kama mata haya shi ne takalma. Ba a shiga ɗaki da takalmi, wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurinta, haka ta taso. Yadda ake jera su ne ya ba ta dariya. A bakin kowace ƙofa takalman masu ɗakin ciki suke kallo, dunduniyarsu na waje. Nata kuwa, duk yadda ta watsar da su in ta dawo daga aji a gajiye, da safe sai ta tarar an goge su an jera, suna kallon matakala.

Mai wannan hidima wata tsohuwa ce da ke hawan ƙasa, makullan gidan duka a ƙugunta suke rataye. Iya kowa ke ce mata.

"Iya, me ya sa nawa ne kaɗai suka juya wa ɗaki baya?" Malama ta tambaye ta da gurgun yaren garin da ta fara tsinta.

"Ke baƙuwa ce, 'yata. Naki hanya za su kalla."

Maganar ta yi mata daɗi, domin gaskiya ce. Shekarar karatu ɗaya ta zo yi, ta koyar da kimiyya ta koma. Ta baro 'yarta tilo a hannun Inna, mahaifiyarta. Yarinyar bakinta ba ya hutawa ko tana cin abinci, shi ya sa gida duka ke kiranta Aku. A tasha Malama ta yi mata alkawari: ana yin hutun ƙarshen shekara za ta gan ta.

Mutanen garin ba su da hayaniya. Ba sa gaisawa a matakala, ba sa raka baƙo, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa tambayarta yaushe za ta koma gida. Da wata ce, da ta ja jikinta ta kama kanta. Amma Malama irin mutanen nan ce da ba sa iya wuce ko akuya ba su ce mata sannu ba, kuma hannunta bai san girkin mutum ɗaya ba. Ta yi ta gaishe su har kunya ta sa suka fara amsawa. In ta sauke tukunya sai ta bi ƙofa ƙofa da kwano. Ita ke ɗaukar wa Iya kwandon cefane, ita ta yi jinyar matar hawa na biyu da zazzaɓi ya kayar. A makaranta ma yaran da ta tarar kamar an ɗinke musu baki, ba a jima ba suka fara rige-rigen riƙe mata jaka. Inna ta yi tarbiyya, sai dai ta zuba da yawa.

Wata safiya, saura kaɗan a yi hutu, ta buɗe ƙofa ta ga takalmanta suna kallon ciki. Iya na tsaye a kan matakala da tsumma a hannu.

"Kin zama tamu," in ji tsohuwar.

Sai da Malama ta share ƙwalla. Wanda ya taɓa zama inda ba kowa nasa ya san daɗin wannan kalma.

A makon ta shirya zuwa yankar tikiti. Ta san ofishin sarai, in an wuce makaranta a karya kwana wajen kantin magani. Ta fita da fasfo a jaka, tana tafe tana tunanin tsarabar da ta rage, sai ta ga kanta a bakin ƙofarta da burodi a hannu. Ta yi wa kanta dariya. Washegari ta tari tasi don kada a maimaita, ta buɗe baki za ta ce ofishin tikiti, sai ta ji tana ba direba kwatancen gidan bene. Ranar ba ta yi dariya ba.

Sai kuma wasu ƙananan abubuwa. Ita da ba ta kwana ba ta ji muryar Aku ba, sai Inna ce ke kira tana mita. Wata rana tana goge allo ta nemi tuna launin ƙofar gidan Inna, ƙofar da ta yi rarrafe a gindinta, ta rasa.

Da ta dawo ta sunkuya ta juya takalmanta da kanta, ta shiga. Ko mayafi ba ta cire ba ta tuna ta bar makulli a jikin ƙofa, ta sake buɗewa. Suna kallon ciki. Barandar ba kowa, sai ƙarar keken ɗinki daga ɗakin da ke fuskantar nata. 

Tela ne a ɗakin, dattijo mai fara'a, wanda in ya yi magana ana jin harshensa ba na garin ba ne. Ta yi sallama ta faɗa masa abin da ta gani. Bai ko tsayar da keken ba.

"Ai mutum ba ya juya nasa, Malama. Sai dai wani ya juya miki, wanda har cikin ransa yake so ki tafi." Ya ɗago ya yi murmushi. "To wa ke so ki tafi a gidan nan?"

"Baba, kai ma zuwa ka yi?"

"Injuna na zo kafawa a masaƙa. 'Yan watanni aka ce."

"Daga wace ƙasa?"

Nan ya ɗaga ƙafa daga keken. Ya daɗe yana kallon bango, irin kallon wanda ke neman inda ya ajiye almakashi.

"Akwai ruwa a kusa, ina jin."

"Iyali fa?"

"Ina jin akwai." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da ya yi kuka da ta fi samun sauƙi. Ba ɓacin rai ko ɗigo a fuskarsa, wannan ne ya tsorata ta.

Sai ta ƙudura za ta sa a tsane ta. Abin tausayi, abin dariya, don ba ta iya ba. Ta daina gaisuwa, tana wuce mutane tana cizon leɓe kamar mai riƙe tari. Ta buga ƙofa da ƙarfi. Ta daka wa yaran ajinta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta mayar wa Iya kwanonta ko ɗauraya babu. Mutanen gidan suka dubi juna suka ce Malama ta gaji, aiki ya yi mata yawa. Matar hawa na biyu ta kawo mata romo mai zafi. Yaran suka share mata ofis ba a sa su ba.

Ranar da aka rufe makaranta, da la'asar, Iya ta shigo duba famfon da ke ɗiga ta same ta zaune a ƙasa. A kan tebur akwai wasu jajayen takalma 'yan ƙanana masu maɗauri, tsarabar Aku, tun watan farko ta saye su.

"Iya, don Allah ki juya min takalmana," Malama ta ce. "Ina da 'ya. Na yi mata alkawari."

"Ko na taɓa ba za su juyu ba, 'yata. Raina ba ya so." Tsohuwar ta ɗauki jan takalmi ɗaya ta shafa shi da gefen zanenta. "Amma ai da kin faɗa tun farko. Mu ba ma raba uwa da 'ya."

Malama ta ɗauka lallashi ne, har ta yi godiya.

Da safe wayar Inna ce ta tashe ta.

"Ke, yarinyar nan lafiyarta kuwa? Ta tashi ta sa kaya, ta nufi ƙofa ba ko takalmi. Wai gidanku bene ne, ƙofarki koriya, wai wata tsohuwa mai makullai ta ce ta zo. Ga ni na riƙe ta, ƙarfi kamar ba yarinya ba. Kuma tun da ta faɗi haka ba ta ƙara cewa uffan ba."

Malama ba ta taɓa gaya musu launin ƙofarta ba. Ta dubi tebur, wayam. Ta buɗe koriyar ƙofar.

Ga jajayen takalman nan kusa da nata, an goge su suna sheƙi, suna kallon ciki.

Ta durƙusa, wayar a maƙale a kafaɗa, ta kama su. Da ɗumi a cikinsu, kamar yanzu aka zare ƙafa. Ta murɗa, ko motsi. Ta sa hannu biyu, suka tsaya kamar an kafe su da ƙusa. Ta san dalili kuwa, ba sai an faɗa mata ba. Tana son 'yarta ta zo. Tana so ta ji nauyinta a cinya, ta tsefe mata kai, ta ga gurbin haƙoran da aka ce sun fita. Can ƙasan ranta har ta fara gyara mata wurin kwana.

"Tana neman ƙwacewa fa," in ji Inna, tana haki.

A ɗakin da ke fuskantar nata keken ɗinki ya fara aiki. Malama ta rufe ido ta hango Aku ta girma a wannan baranda, tana hawa matakala shiru, an tambaye ta wace ce Inna tana kallon bango tana murmushi.

"Kada ki zo," ta faɗa a hankali, kuma har cikin ranta take nufi. "Ki yi zamanki. Ba na so ki zo."

Takalman suka juya a hannunta ba nauyi ko kaɗan.



"To, ikon Allah," in ji Inna. "Ta saki ƙofar. Wai yunwa take ji. Ungo, ga uwarki."

Muryar Aku ta cika mata kunne, da sauri da sauri yadda ta saba, labarin kyanwar maƙwabta da haƙorin da ya fita da wata yarinya mai cin zali a ajinsu. Can ta tsaya ta ja numfashi.

"Umma, an yi hutun. Yaushe za ki zo?"

Malama ta dubi takalmanta. Ta so ta kira 'yarta da sunanta na yanka, wanda ita da kanta ta zaɓa tun cikin yana wata biyar. Ta lalubo ko'ina a kanta, ba ta same shi ba.

"Aku," ta ce, "ki yi ta magana. Kada ki yi shiru, ina jin ki."